Maganin da Aka Hana Yaya

Ita ce ta fara gane abin da ke damuna. Maƙwabciyata ce a unguwar Abakpa, Bakatsiniya, mijinta direban tanka. Ta ɗan girme ni, shi ya sa nake ce mata Yaya. Wata rana ta shigo ta tarar na ture keken ɗinki gefe, na cire ɗankwali, gumi na tsiyaya har cikin kunnena.

"Ke ma ya kama ki ke nan," ta ce tana dariya. "Zafin nan mai tasowa daga ƙirji ya haye fuska ko? Al'ada fa?"

Na ce ta rikice. Sai ta ɗauke har na manta da ita, sai ta dawo ba sallama, na rasa ranar yin salla da ranar ajiye ta.

"Girma ne ya zo. Ni na daɗe a ciki."

Ita ce kuma ta jiyo labarin wata likita mace da ke ba da ƙwaya saboda wannan. A farkon shekarun casa'in ba kowa ya san akwai irin maganin nan ba. Ni kunya ta hana ni, na ce tsufa ai ba ciwo ba ne. Yaya ta nace, ta je da kanta ta roƙar mini izini wurin maigida, muka hau bas tare.

Likitar ta yi mana bayani a natse. Ta ce akwai sinadarin da jikin mace ke rage samarwa idan haihuwa ta kusa tsayawa, ƙwayar tana mayar da shi ne. Ta auna ni, ta yi mini tambayoyi, ta rubuta mini. Da ta zo kan Yaya sai ta daɗe. Jininta ya hau, kuma bayan haihuwar autanta jini ya taɓa daskare mata a jijiyar ƙafa.

"Hajiya, ke kam ba zan ba ki ba. Zai iya yi miki illa."

Yaya ta gyara mayafi ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." A bas ita ce ta riƙa jan hira, ni kuwa na ƙanƙame jakata na kasa kallonta.

Maganin ya karɓe ni. Zafin ya lafa, na daina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, hannuna ya dawo a kan ɗinki. Ta bayan katanga kuwa ina jin Yaya tana sheƙa ruwa a jikinta da rana tsaka. Duk sanda na ji ƙarar bokitin nan sai abinci ya fita raina.

Sau ɗaya ta roƙe ni. Ta ce, "Ɗan sam mini ko kaɗan in gwada, ba wanda zai sani." Na ce ina tsoro, na tuna mata abin da likita ta faɗa. Sai ta ce, "Kin yi gaskiya," ta tambaye ni ko rigar da nake ɗinka mata ta kammalu. Na san daidai na yi, amma ranar sai da na yi kuka.

Daga nan na koma yi mata ƙarya. In ta shigo sai in ɗauki mafici, in ce abin bai sake ni ba. Wata rana ta fizge maficin daga hannuna.

"Goshinki a bushe yake. Ni na kai ki don ki samu sauƙi, kada ki ɓata mini ladana."

Daga baya suka yi gida a Rigachikun suka tashi. Nata zafin ya ɗauki shekaru kafin ya tafi da kansa. Nakan je mata da sabon ɗinki duk salla, mu wuni muna hira. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban iya ba.