Kalmar Sirrin Yaya Mu'azu

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Mu'azu, dillalin albasa da ya yi rayuwarsa tsakanin Jega da kasuwar Aliero. Na so in rubuta waiwaye mai sanyi, amma rautar intanet da ya bari ta hana ni.

Shi ne ya fara kawo wannan akwati mai ƙahoni unguwarmu, kuma ya gaji da yi mana bayani. Intanet, in ji shi, ruwan gulbi ne, rauta injin ban ruwa, wayifai kuma tiyon da ke kai ruwan kowace waya. Idan ka ga sandunan wayifai sun cika amma shafi ya ƙi buɗewa, tiyo lafiya yake, ruwa ne bai zo ba. In kuma mutane suka yi wa tiyo ɗaya yawa, kowa ɗigo zai samu. Ni da na tsufa da alli a hannu ban taɓa jin darasi mai tsabta haka ba. Ba wanda ya ɗauka. Har yau duk abin da ya lalace a gidan, ko firji ne, “ba netwok” ake cewa.

Ranar zaman makoki aka yi ɓarnar. Masu ta'aziyya daga Karaye da Fagada suna son sanar da dangi, sai wani kawunmu ya miƙe a zaure ya karanta kalmar sirrin wayifai da ƙarfi, har da maimaitawa saboda na baya. Tun daga ranar ta zama ta al'umma. Mahauta sun sani, 'yan kabukabu sun sani, mai shayin bakin layi ma ya matso da teburinsa jikin katangarmu.

Ga Rabi, 'yar marigayi, tana karatun jami'a daga gida. Bara hoto ya daskare mata tana tsakiyar jarrabawa, saboda rabin unguwa na kallon ƙwallo. Ta faɗi darasin. Idan ta sake faɗuwa bana, sai ta maimaita shekara.

Na ce wa Hajiya, matar marigayi, a canza kalmar.

“Mi za a canza? Malam, kak ka taɓa. Sadakatai ta, lada na iske shi.”

“Hajiya, ladar kallon ƙwallo?”

“Kai kas san abin da mala'iku ka rubutawa?”

Ban sani ba. Na dai tambayi kaina me Yaya zai ce. Mutum ne da ba ya hana baƙo abinci, amma bai taɓa barin maƙwabci ya karya masa kwalbati ana tsakar ba albasa ruwa ba. Ina jin da ya ga wannan taro jikin katanga, sai ya fara gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zare wayar rautar daga soket.

Na shiga saitin rautar, na tarar tana iya buɗe layin baƙi daban, a kuma ƙayyade masa gudu. Na bar wa unguwa tsohon sunan layin, wato sunan Yaya, da tsohuwar kalma, na rage musu rabo, na yi wa Rabi layinta da sabuwar kalma. Hajiya ta yarda bayan na rantse ban rufe wa kowa ƙofa ba. Rabi ta yi jarrabawarta makon jiya, hoto bai ko girgiza ba.

Albasar Yaya ta ƙare tun shekarar farko, rigunansa an raba, darasinsa kuwa ni kaɗai na riƙe. Abin da ya rage shi ne mutane da dama da ke ambaton sunansa kullum, ko da don son ransu ne, kuma na daina raina hakan. Jiya mai shayi ya tare ni, fuska a murtuke.

“Malam, sadakar marigayi ta yi rauni kwanan nan.”

Na ce masa ya ƙara da addu'a. Ya kuwa ɗaga hannu ya yi, har da mahauta suna amin.