Ɗana Ne Ya Faɗi a Cikin Fim Ɗinku

Darakta, kai da ma'aikatanka suke kira A-Sake a bayan idonka, da kai nake. Ɗana ya faɗi yana mutuwa a gabanka, ka hana a taɓa shi, sannan ka ɗauki faɗuwar ka sa a fim yara suna dariya. Ni ban yi makaranta ba. Ƙanwarsa ce ke riƙe da biro ina faɗa mata, kuma na ce ta tsara shi yadda ake tsara tarihin manyan mutane, daga haihuwa zuwa kabari, domin ka san ko wane ne ya faɗi a ɗakin nan naku.

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi marigayi a shekarar 1983, a ɗakin haya na ƙarshe a layin da ke bayan tashar jirgin ƙasa, a garin da ya yi karatu, ya yi aiki, kuma aka binne shi. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan haƙuri, wanda Allah ya yi wa rasuwa a shekarar 1995 bayan doguwar jinya. Mahaifiyarsa tela ce, ita ce ni, kuma da keken ɗinki ɗaya na riƙe shi da ƙanwarsa har suka zama mutane.

Tun yana ƙarami Allah ya hore masa baiwar kwaikwayo. Duk wanda ya gifta ƙofarmu sau ɗaya, to ya ɗauke tafiyarsa: mai gidan hayarmu da tumbinsa, direban jirgi mai jan ƙafa, har ni uwarsa bai bari ba. Sai ya ɗaure gyale a kugu ya ce, “Inna, haka kike tafiya in mai kaya ya ce ɗinkin bai yi ba.” In ce, “Ja'iri, zo nan in gwada maka tafiyar.” Ya gudu yana ɗingishin ƙarya, maƙwabta suna riƙe ciki.

Karatunsa

Ya shiga firamare a shekarar 1989, ya kammala sakandare a 2001 da sakamako matsakaici, domin rabin hankalinsa yana gefen littattafansa, inda yake zana ɗan mutum a kowane shafi, in ya saki shafukan da babban yatsa sai mutumin ya riƙa tsalle. Ya sha bulala a kan wannan, a makaranta da a gida, kuma bai daina ba. Daga nan ya samu gurbi a kwalejin zane, inda ya koyi sarrafa hoto da kwamfuta, ya fito a shekarar 2005.

Aikinsa

A shekarar 2007 ya kama aiki a kamfaninku na katun, lokacin kuna 'yan tsiraru a saman bene bisa shagon masu buga kalanda, fankarku ɗaya, ita ma kwamfutoci take yi wa fifita, ku kuna zufa. Yana cikin waɗanda suka zana Kawu Kwaɗo, tsohon maigadin tafki mai tumbi da tocila, wanda fim ɗinsa na farko ya fito a shekarar 2010 ya ɗaga sunan kamfanin.

A shekarar 2013 kuka koma babban gini, kuka sayo sabuwar hanyar aiki. Ya kai ni sau ɗaya na gani da idona. Ɗaki ne babba marar taga, kyamarori sun zagaye bango, an ja layi ruwan ɗorawa a ƙasa. Sai a sa wa mutum baƙar riga mai kama jiki, a manna masa fararen ƙwallaye a gwiwa da kafaɗa da gwiwar hannu, ya shiga cikin layin. Duk motsin da ya yi, kwaɗon da ke kan babban allo sai ya yi irinsa nan take. Ɗana ne ke sa rigar. Tun daga ranar, duk tafiyar Kawu Kwaɗo tasa ce.

Na ce masa, “Duk karatun da na biya, ƙarshensa ka zama kwaɗo cikin rigar 'yan iyo?” Ya ce, “Inna, kwaɗon ne ya saya miki firiji, ki gaishe shi.”

Dokar ɗakin ɗaya ce, kuma kai ka kafa ta. In an fara ɗauka, babu mai ƙetare layin sai ka ce “Ya isa,” domin jikin wani yana tare wa kyamara ƙwallayen, aikin ya lalace. An taɓa korar wani magidanci saboda ya shiga ɗauko ƙwallon da ya ɓalle. Kowa ya gani, kowa ya kama kansa.

Aurensa da Iyalinsa

Ya yi aure a shekarar 2011 da wata malamar makarantar firamare, mace mai kirki wadda ban taɓa samun saɓani da ita ba sai a kan yawan gishiri. Sun zauna a gida mai ɗaki biyu kusa da asibitin yara, ya ware mini ɗaya bayan idona ya fara rauni na ajiye ɗinki. Allah ya azurta su da 'ya'ya uku. Mutum ne da ba ya tsawa a gidansa. In yaro ya yi laifi, sai ya kwaikwayi laifin a gabansa har yaron ya ji kunya da kansa.

Shekarunsa na Ƙarshe

Tsakanin 2013 da 2020 ya ƙara yi muku finafinai uku, kuma a kowanne akwai wurin da Kawu Kwaɗo yake faɗuwa, abin da yara suke jira ke nan tun daga farkon fim. Kowace faɗuwa da gaske yake yinta a kan daɓen nan, ya sake, ya kuma sake, har sai ta yi maka. Matarsa ce ke gasa masa kafaɗa da ruwan zafi.

A shekarar 2021 likita ya tabbatar masa da hawan jini, ya umarce shi da hutu. A lokacin kun fara fim na biyar kuma kun riga kun sanar wa duniya ranar fitowarsa. Ƙafarsa ta fara kumbura, hawa bene ya fara gagararsa. Matarsa ta ce, “Baban yara, kamfanin nan in ka mutu wani za su sa wa rigar.” Ya yi dariya ya ce, “Ba za ta shige shi ba, a jikina aka auna ta. A gama wannan in huta.”

Rasuwarsa

Abin da ya faru a watan Maris na shekarar 2022, daga bakin matar da ke manna masa ƙwallaye na ji shi, kuma tana nan da ranta. A labarin fim ɗin, Kawu Kwaɗo zai haɗiye zuma mai rai bisa kuskure, ta harbe shi a ciki, ya faɗi yana shure-shure. Tun safe yake faɗuwa kana cewa a sake. Ya nemi ruwa, aka ba shi, ya koma cikin layi.

A karo na ƙarshe ya dafe ƙirjinsa, gwiwoyinsa suka sage, ya kife ta gefe, kansa ya bugi daɓe. Ƙafarsa ɗaya ta riƙa shuri, hannunsa yana dukan ƙasa, sannan ya miƙo shi wajen layin, wajen mutane. Amma duk wanda ke ɗakin, allo yake kallo, domin haka kuka saba, kwaɗon kuke dubawa ku ga ko ya yi kyau. Ɗakin ya ɗauki dariya. Ita kaɗai ta kalli mutumin, saboda aikinta ne ta lura ko ƙwallo ya ɓalle, sai ta ga leɓensa ya canza launi. Ta ɗaga ƙafa za ta shiga. Ka daka mata tsawa ba tare da ka juyo ba: “Kada wanda ya ƙetare mini layi! Wannan ce muke nema tun safe!” Ta tuna magidancin da aka kora, ta mayar da ƙafarta. Sai da kwaɗon ya daina motsi ka ce “Ya isa,” aka yi tafi. Wani ya ce, “Tashi mana, gwani, yau ka cinye.” Bai tashi ba.

Ya cika a mota kafin a kai asibiti, yana da shekara talatin da tara, da rigarku a jikinsa. Likita ya ce zuciya ce, kuma irin wannan ciwon gaggawa yake so. Ban ce ka san mutuwa yake yi ba. Wannan tsakaninka da Allah ne. Abin da ka yi daga baya, da saninka ka yi shi.

Jana'izarsa

An yi masa sutura aka binne shi a ranar, a maƙabartar da ke bayan filin ƙwallo, kusa da mahaifinsa. Ka zo gaisuwa da manyan kamfani, ka durƙusa a gabana ka ce ya yanke jiki ne bayan an tashi aiki, yana shirin tuɓe riga. Na yarda, har na sa maka albarka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Fim na Biyar

A shekarar 2023 fim ɗin ya fito, kuka aiko mota ta kai mu sinima, kuka ba mu kujerun gaba, aka rubuta sunansa a farko wai domin tunawa da shi. Da aka zo wurin zumar, sinima ta kaure da dariya, autansa yana kan cinyata yana dukan hannuna don daɗi. Ni kuwa ban yi dariya ba. Ɗana in zai faɗi na wasa, gwiwar hannu yake fara sawa a ƙasa ya tare kansa. Wannan kwaɗon kuwa kansa ne ya fara bugun ƙasa.

Bayan 'yan kwanaki matar nan ta zo gida, ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa tana kuka. Ta ce, “Inna, na ajiye aikin. Ba zan iya ci gaba da shiga ɗakin nan ba.” Sannan ta faɗa mini duk abin da na faɗa a sama, ta ƙara da cewa an yi taro bayan jana'iza a kan ko a goge ɗaukar, kai ka ce a bar ta.

Na zo ofishinka, aka ajiye ni a ƙarƙashin wani ƙaton Kawu Kwaɗo na roba har ka ga dama ka fito. Ka ce, “Mama, ki fahimta, ita ce mafi kyau da ya taɓa yi. Da yana raye, shi da kansa ita zai zaɓa.” Na ce, “Ka tambaye shi?” Ka ce, “Ai mun gyara ƙarshen, kwaɗon yana tashi ya tofar da zumar.” Na ce, “Kwaɗon ya tashi. Nawa fa?” Sai wani mai kwat da taye da ke gefenka ya ce duk motsin da aka ɗauka a ɗakin nan mallakar kamfani ne. Na ce masa, “Yaro, fitar rai ma motsi ne a wurinku?” Aka raka ni ƙofa, aka miƙo mini jakar 'yan tsana in kai wa jikoki. Tana nan a bakin ƙofarku inda na zubar da ita, in ba a share ba.

Yanzu fim ɗin ya bar sinima, ya shiga talabijin, ya shiga waya. Wurin faɗuwar nan kuka yanko kuke tallarsa da shi. 'Yan makarantar da matarsa ke koyarwa suna kwaikwayonsa a tsakar makaranta lokacin hutun tara, ita kuma tana tsaye tana gadi.

'Ya'yan da Ya Bari

Marigayi ya rasu ya bar mahaifiyarsa, da ƙanwarsa, da matarsa, da 'ya'ya uku. Babbar mace ce, haihuwar 2012, ita ta gado hannunsa a zane. Mai bi mata namiji ne, haihuwar 2015, wanda ya daina yawan magana tun rasuwar. Sai auta, namiji, haihuwar 2018, wanda ya gado kwaikwayo. Babu ɗayansu da aka faɗa wa abin da ke cikin fim ɗin.

Makon jiya autan ya shigo ɗakina ya ce, “Kaka, kalli, na iya faɗuwar Baba.” Ya dafe ƙirji, ya kife ta gefe, ya yi shuri, ya miƙo mini hannu. Bai ɓata ko ɗaya ba. Na ɗaga shi na rungume, yana cewa, “Ki sake ni, ban gama ba.” Babbar tana bakin ƙofa tana kallon fuskata, daga baya ta zo ta zauna ta ce, “Kaka, me ya sa ke da Mama ba ku dariya a wurin nan?” Na san ba za ta daina tambaya ba.

Ba diyya nake nema ba, kada ma a aiko mini mai tayen nan. Ku cire faɗuwar daga fim ɗin, daga talabijin, daga waya, daga duk inda kuka kai ta, ku sa wani mai lafiya ya faɗi muku wata. Sannan kai, da ƙafarka, ka zo gidan nan ka zauna a gaban yarinyar. Kai ka ce kada a ƙetare layi, kai ka ce kada a goge, don haka kai za ka amsa mata tambayarta. Ina zaune ina jiranka.