Riga Mai Hoton Kare

Ɗiyata ta fari ce, don haka ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. "Ke" nake ce mata, ko "waccan yarinya". Haka muka taso muka tarar a Arewa, uwa ba ta nuna son ɗan fari.

Tana lakwal, wato makarantar boko, ta kamu da son wani katun na tele, na wani ƙaton kare matsoraci da abokansa matasa masu bin sawun fatalwa. Kullum idan sun kama fatalwar sai su tuɓe mata rufin fuska, a ga ashe mutum ne. Babanta yana da shago a kasuwar Dogon Dutsi, a can aka zuba mata wasan karen a tsohuwar wayarsa. Ina tankaɗe tana gefena tana latsawa, tana ihu: "Gudu, wawa, ga ta nan bayanka!" Wata rana ya tsinto mata riga a gwanjo, da hoton karen a ƙirji, harshe waje. Idan na wanke, tsayawa take bakin igiya har ta bushe. In za ta yi salla kuwa sai ta juya ta ciki waje, wai kada mala'iku su gan shi.

Zazzaɓi ne ya ɗauke ta da damina. Wannan ba zan iya rubuta shi ba.

Bayan an yi addu'a, surukata da ta zo daga Dumega ta zauna haɗa kayan yarinyar don a bayar sadaka. Ina kan tabarma cikin mata na hango rigar a hannunta. Ita kaɗai nake so a bar mini, wuyanta da sauran ƙamshin man kitsonta. To amma da wane baki uwar 'yar fari za ta roƙi wannan a gaban surukarta?

"Wanga kare fa?" in ji tsohuwar. "Wa ka amsar sadaka da kare? Ladar ma ba ta isa gare ta."

Wata maƙwabciyata ta ce, "To a bar ta nan mana, Inna."

Na sunkuyar da kai, ina roƙon Allah a zuci.

"A'a," in ji tsohuwar, "yadin na da ƙwari. Miƙo min almakashi."

Na ce, "Inna, ku huta, kada ku wahalar da kanku." Iyakar abin da kunya ta bar ni in faɗa ke nan.

"Wahalar mi, ɗiyata? Shi ne aikin ƙarshe da zan yi ma jikata."

A hankali ta yanke karen, tana bin gefen kunnuwansa, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Ta yago bakin zanenta ta yi faci, ɗinki ƙanana masu kyau. Guntun da ta cire ta miƙa wa mai dafa abincin 'yan gaisuwa, aka jefa a murhu. Warin roba ya tashi a tsakar gida.

Ta ɗaga rigar. "Duba, ɗiyata. Yanzu ta yi sadaka."

Na ce, "Ta yi, Inna. Allah ya kai mata ladar."

Matan suka amsa da amin. Na jira har aka ɗaure ƙullin kayan, sannan na ɗauki buta na zaga bayan ɗaki, inda ba mai ganina.