Malam Datti, Mai Awon Ƙwaya Ɗari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Satumba 1976, cikin watan azumi, Allah Ya karɓi ran Malam Datti Musa a gidansa na Unguwar Shanu, bayan jinyar kwana tara. Shekara shida muna ɗakin bincike ɗaya na aikin gona a nan Kaduna. A takarda ni ne shugabansa.

Malam Datti, aikinka shi ne awon ƙwayoyin irin cutar nan da ke sa ganyen dawa da masara ya yi ratsin rawaya, bayansa ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Ƙwayoyin ba sa ganuwa sai da madubin ƙara girma, kuma da siffarsu da tsawonsu ake gane wace cuta ce. Ba ka jira a kawo maka ganye. Da an idar da asuba kake hawa keke, ka tsinko shi da raɓarsa. Kana awon ɗari, bi da bi, duk wadda ta shigo idonka. Ni kuwa, da digirina, ina ganin wannan ɓata lokaci ne.

A daminar 1974 na karɓi ganye daga gonar Baba Sanda, wani dattijo a bayan Kurmin Mashi. Na duba, na ga ƙwayoyi dogaye. Na zaɓi ashirin da suka fi burge ni na auna, na rubuta rahoto cewa baƙuwar cuta mai tsanani ta shigo, a ƙone gonar. Abincin shekarar mutum goma sha ɗaya ke nan. Har zuciyata, murna nake yi, don sunana zai fito.

Ka karanta, ka ce, “Ranka ya daɗe, sauran tamanin ɗin fa? Ko sun yi maka laifi ne?”

Na ce ai ƙanana ne, ba su da fasali.

Ka ce, “’Ya’yan gida ɗaya ma akwai dogo akwai gajere. Ba ni kwana biyu.”

Ka auna ɗari uku. Akwai masu kama da ƙwai, akwai zagayayyu, dogayen ba su fi ɗaya cikin goma ba. Cutar da muka sani ce, wadda tuge shukokin da suka kamu ke rage ta. Ba ka kai ni gaba ba, ba ka faɗa wa kowa ba. Ka ajiye littafin awonka a teburina ka tafi sallar azahar. Kunyar da na ji ranar har yau ba ta sake ni ba. Baba Sanda ya girbe masararsa, bai taɓa sanin abin da ya kusa faruwa ba.

Jiya na buɗe littafinka. Awon ƙarshe ya tsaya a sittin da uku. Yau da asuba na ɗauko sabon ganye, na fara daga ɗaya har ɗari, ban tsallake ko guda ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Malama Hansai, da ’ya’yanka Husaina da Audu. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.

Haruna Aminu, Kinkinau