A Cika Tankin Tukuna

Ko zan manta da komai na aikin nan, ba na jin zan manta da ranar Larabar da bakina ya kusa raba ni da makullina. Ku sababbin direbobi kullum kuna ganin baƙar jif ɗin nan a gareji, kuna shafa ta kuna leƙen kujerunta, amma ba ku san yadda aka yi ta shigo gidan nan ba. To ku gyara zama.

Lokacin ni ne shugaban direbobi a wannan kamfani namu na haƙa rijiyar burtsatse, ofis yana nan Ƙofar Marusa inda yake yanzu. Aikin shugaban direbobi, ga wanda bai sani ba, shi ne raba motoci, da duba lafiyarsu kafin su fita, da sa hannu a takardar duk motar da kamfani zai saya. Sama da ni akwai manajan ayyuka, sama da shi sai mai kamfani, Alhaji Kabir. A shekarar ne Alhaji ya ba ɗansa, Injiniya Nura, kujerar manaja bayan ya dawo daga karatu.

Haƙa rijiya yana cin ruwa, kuma akwai ƙauyukan da babbar tankar ruwa ba ta iya shiga. Don haka muke da ƙaramin tanki a kan tirela, wanda ake maƙala wa mota ta ja. Tsohuwar a-kori-kurar da ke jan shi ta gaji, kullum tana hannun bakanikenmu Yohanna, mutumin Kudancin Kaduna. Shi kuma Alhaji ciwon baya ya matsa mashi. Sai ya ce a nemo babbar jif ta alfarma, mai kujerun fata da sanyi, wadda yau zai shiga ya je wurin manya, gobe kuma a maƙala mata tanki ta nufi daji.

Wani dillali a Ƙofar Kwaya ya kawo guda biyu, girmansu ɗaya. Fara mai shan fetur, baƙa mai shan gas, wato dizal.

Ranar Litinin aka zauna a ofishin Alhaji. Injiniya Nura ya baje takardu, ya ce fara za a saya. Kuma wallahi hujjojinsa ba na banza ba ne. Ba ta da ƙara, tana da gudu, fetur ya fi gas sauƙi a gidan mai, kuma kowane bakanike a Katsina ya san cikinta. Ya nuna mana a rubuce cewa injinta ya fi na baƙar ƙarfi. Ya ƙara da cewa ranar Asabar shi da kansa ya maƙala mata tankin, ya kai Ƙofar Guga ya dawo, ko jin shi bai yi ba.

Na ce, "Injiniya, tankin da ruwa ko babu?"

Ya ce, "Babu. Amma nauyin da za ta iya ja yana rubuce a nan."

Na yi mashi bayani yadda na sani. Mai fetur sai injin ya ɗau zafi yana kururuwa sannan ƙarfinta yake fitowa, a yashi kuwa wannan kururuwar ce take sa taya ta yi ta haƙa rami. Mai gas tun daga tashi ƙarfinta yana ƙasa, ja take yi a natse. Yohanna ya ɗaga kai ya ce haka ne, sai dai mai gas ba ta son gurɓataccen mai ko kaɗan.

Injiniya ya yi murmushi ya ce, "Baba Lawal, zamanin auna mota da kunne ya wuce fa."

Kun san halina. Raina ya ɓaci, kafin in yi tunani baki ya riga ni. Na zaro makullin ofishin direbobi na ɗora a tebur, na ce, "Alhaji, a cika tankin nan, a kai shi rafin Unguwar Tsamiya. In farar nan ta tsaya tsakiyar yashi ta sake tashi da shi, na ajiye aiki, Injiniya ya kawo wanda ya iya karatu."

Na zaci Alhaji zai ce in yi haƙuri in ɗauke abina. Ina! Sai ya jawo aljihun tebur, ya saka makullin, ya ce, "Na ji. Laraba in Allah ya kai mu."

Da na faɗa wa uwargidana, sai ta tafa hannu ta ce, "Malam, da furfurarka? Wa zai ɗauke ka sabon aiki yanzu?" Kuma gaskiya ta faɗa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, saboda ban taɓa tuƙa ko ɗaya cikin motocin ba. Abin da na sani na sauran motoci ne.

Ranar Laraba da hantsi muka kama hanyar Mani, muka ratse daji. Dillalin ya yarda da gwajin saboda tsohuwar hulɗarsa da Alhaji, amma ya biyo mu yana ta jan carbi. Ƙarshen bazara ne, rafin ya bushe ƙaƙas, yashi fari mai laushi, ga ɗan tudu a ɗaya gaɓar. Mun cika tankin taf tun daga gari. Yohanna ya rage wa motocin biyu iskar taya daidai wa daida, don kada wani ya ce an yi mashi coge. Sharaɗin tsayawa a tsakiya kuwa ba mugunta ba ce. A aikin gaske dole wata rana shanu su tare ka, ko amalanke, ka taka birki inda ba ka so.

Injiniya ya shiga farar, ya saka giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu, ya shigo yashin da gudu. Kai, motar nan ta yi kyau! Tana tafe tankin na biye, har gabana ya faɗi. Ya kai tsakiya ya tsaya. Alhaji ya ɗaga hannu, Injiniya ya taka totur.

Ta motsa. Wallahi ta motsa, taku biyu, taku uku. Na fara tunanin yadda zan kwashe butata da dardumata daga ofis. Sai ruwan cikin tankin ya koma baya da nauyinsa, motar ta ɗan turje. Injiniya ya ƙara wuta, injin ya ɗauki kururuwa, tayoyin suka shiga watsa yashi sama. Kafin ka ce me, ta nutse har ciki, wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari, warin zafi ya tashi. Dillali ya rugo yana ihu, "A kashe! Don Allah a kashe mani mota!"

Mutanen ƙauyen suka zo da shebur da itace. Aka cire ƙugiyar tirela, aka tura farar ta fita, tankin ya rage a tsakiyar rafi, tayoyinsa sun zauna cikin yashin da aka tone.

Na yi baya-baya da baƙar, Yohanna ya maƙala. Sai na ji Injiniya yana ce ma mahaifinsa, "Ai Baba Lawal ya san yashi. Ko jaki ka ba shi sai ya fitar da tankin nan. Ba mota aka gwada ba, hannu aka gwada."

Na fito na bar ƙofar a buɗe, na ce, "Gaskiyarka, Injiniya. Shiga, kai za ka tuƙa."

Yohanna ya matso ya raɗa mani, "Oga Lawal, ka haukace ne?" Na ce ya bari kawai. Na leƙa ta taga na ce ma Injiniya, "Kada ka taka ta kamar kana fushi da ita. Saki birki, ka ɗan taɓa totur, shi ke nan."

Ya saki birki. Baƙar ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, ƙugiya ta ce ƙas, tayoyin tankin suka fara hawowa daga ramin. A hankali, a hankali, ko yashi ba ta watsa ba. Ta ratsa sauran rafin, ta kama tudun gaɓa, ta haye da tankin cike, ruwa na fantsama ta murfi. Mutanen ƙauye suka kaure da kabbara. Yohanna ya jefa hularsa sama, ni kuwa sai ga ni ina tsalle kamar ba dattijo ba, ina cewa, "Ga ta nan! Ga ta nan, Alhaji!" Daɗin da na ji ranar ban ji irinsa ba tun da na fara riƙe sitiyari.

Alhaji ya laluba aljihun rigarsa, ya zaro makullina, ashe ya taho da shi, ya miƙa ma ɗansa, ba ni ba. Injiniya Nura ya tako cikin yashin har inda nake, ya rusuna a gaban kowa, ya miƙo mani shi da hannu biyu.

"Baba, ga makullinka. A yi mani afuwa."

Na ce, "Ba komai, ɗana. Ni ma bakina ya yi yawa."

Kada ku fita nan ku ce mai fetur ba mota ba ce. Wanda yawonsa a kwalta yake, babu kaya a bayansa, ita ce tashi. Baƙar nan ma da tata fitinar, shi ya sa har yau Yohanna bai yarda a zuba mata gas ɗin bakin hanya. Abin da na koya shi ne, a sana'armu ba a gwada mota da aikin da ya fi sauƙi, da ranar da ta fi muni ake gwada ta. Na kuma koyi cewa mai karatun da zai rusuna ma direba a bainar jama'a ya cancanci kujerarsa.

Ku duba takardar sayen mota da muke cikewa yanzu. A can ƙasa, sama da inda nake sa hannu, akwai layi ɗaya da Injiniya ya ƙara da kansa: "An gwada ta da tanki cike?"