Kwandon Gida da Kwandon Kasuwa

Shekarun da nake sayar da bandar kifi a kasuwar Gusau, wajen ƙarshen mulkin soja, kwando biyu gare ni. Na kasuwa ina yayyafa masa fiya-fiya, maganin ƙwari, saboda tsutsa, don in damina ta kankama tarwaɗa ba ta kwana bakwai sai ta zama gari. Na gida kuwa gishiri da hayaƙi kawai, shi iyalina ke ci. Duk layinmu haka ake yi, kuma ba mai faɗi.

Ran nan sai ga wani mutum fes da shi, da 'yar jaka cike da ledoji masu lamba. Wai malamin jami'a ne daga Sakkwato, yana bincike kan yadda ake adana kifi. Ya bi Tsafe da Bunguɗu, yanzu ya zo kanmu. Na ce a raina, ka ji maƙaryaci. Wane malami zai baro fanka ya zo yana shinshinar tarwaɗa? Duba-gari ne ya sake riga. In ya kama ni a ƙone kayana, sunana kuma ya ɓaci daga nan har Mada.

"Malam, mi kaka sa ma kifinka?" in ji shi.

"Hayaƙi da addu'a," na ce.

Bai yi dariya ba. Ya zauna bakin benci yana mini bayani: wai cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai wani siririn rubutu da jiki ke bi yana gina kansa. Kullum yana ɗan yagewa, jiki na ɗinkewa. Amma akwai gubar da ɓarnarta ta fi ƙarfin ɗinkin, musamman ga ɗan da ke ciki. Na gyaɗa kai kawai. Daɗin baki ne, so yake in saki jiki.

Da ya nemi kifi uku don gwaji, na duƙa ƙarƙashin tebur na zaro daga kwandon gida. Har gyara na ƙara masa. Wata biyu ina yaba wayona.

Ranar da ya dawo, na gama ƙulla wa wata mata mai tsohon ciki kifi ke nan, ta wuce ta gefensa. Na leƙa bayansa ko da ɗan sanda. Ba kowa.

"Duk layin ga naka kaɗai ya hito lahiya lau," ya ce, yana murmushi. "Kar ka damu da sauran, lamba nika rubutawa, ba suna ba. Uwargida na da juna biyu, ba abin da taka marmari sai miyar kifi, na ko hana ta saye ko'ina. Cika man kwalin ga."

Ya sa hannu a tebur yana zaɓar manya, waɗanda na yayyafa wa magani da safiyar nan. Ashe mutumin nan gaskiya yake faɗi tun farko, ni ne maƙaryacin.

Na riƙe wuyan hannunsa. "Malam, aje wannan."

Na jawo kwandon gida na juye masa duka. Ya dubi kwandon, ya dubi tebur. Kunya ta hana ni ɗaga kai, ina jira ya zage ni, da ma ya zage ni ɗin.

A hankali ya ce, "Matar da ta saya gabana fa, daga wane kwando ka ba ta?"

Na bi layin da kallo har bakin ƙofar kasuwa. Ban san sunanta ba, ban san gidanta ba.