Tifar da Muka Sa wa Sulke

Wata Juma'a ce a kakar 1980, ana tsaka da cirar gyaɗa, Baba ya goya ni a keke daga Roni zuwa Kazaure mu yi wa yayarsa, Gwaggo Hajiya, barka da dawowa daga Makka. Ina da shekara tara. Muna yin sallama, tun ban gama cire takalmi ba, sai ga wata mota ruwan ɗorawa ta taho a guje a kan simintin tsakar gida, irin tifar nan ta ɗibar yashi, girmanta ya kai ɗan akuya. Babu igiya a jikinta, babu mai tura ta. Na ƙwalla ihu na shige bayan rigar Baba. Can a bakin ɗaki autan Gwaggo ne, Kabiru, zaune da wani baƙin akwati mai eriya irin ta rediyo, yana murɗa shi motar tana bin umarninsa. Taubashina ne, don haka bakinsa a sake yake a kaina. "Matsa can, 'yar ƙauye, kada ta ji warin daddawa ta mutu," in ji shi. Ranar dabino da ruwan zamzam aka ba mu, amma ni ban san ɗanɗanon ko ɗaya ba, idona na kan tifa har muka fito.

Ba ta yi tsawon rai a hannunsa ba. Duk wanda ya san Kazaure ya san daga ƙofar gida dutse ne da tsakuwa. Kabiru ya fita da ita waje don ya burge yaran unguwa, ƙafar gaba ta ɓalle, bodin ya tsage, yashi ya cika mata ciki. Da muka koma da rani, a bayan madafa na gan ta, a kife, kaji sun yi mata kashi. Baba mai gyaran keke ne, ba ya iya ganin abu mai taya a yashe ya wuce. Ya ɗaga ta yana jujjuyawa, sai Gwaggo ta ce, "Ɗauka mana, Isa, ka rage mini shara. Kai wa 'yarka ta yi wasa." Kabiru da kansa ya shiga ɗaki ya ɗauko akwatin ya wurgo mana, ya ce shi yanzu ƙwallo yake yi. Ina faɗin wannan dalla-dalla ne don a san ba aro muka yi ba, ba kuma roƙo ba. Ba mu aka yi, a gaban mutane, da rana tsaka.

Rumfar Baba tana ƙarƙashin wata darbejiya a bakin hanyar kasuwa. Nan muka baje ta a kan buhu, ya kwance ta ƙusa-ƙusa. Ya daɗe yana kallon kayan cikin, sannan ya ce, "Wannan don ƙasar da babu tsakuwa aka yi ta." Na ce to mu like ta ta koma yadda take. Ya girgiza kai. "In ka mayar da abu yadda yake, inda ya karye nan zai sake karyewa." Don haka ba gyara kaɗai muka yi ba, sake mata ƙashi muka yi. Sandar da ke riƙe da tayoyin gaba ta roba ce, Baba ya jefar da ita ya yanko wayar ƙafar keke ya lanƙwasa a madadinta. Haƙoran da ke juya tayoyin ƙanana ne, yatsunsa ba sa shiga, sai ya zama aikina: in tsoma gashin kaza a kananzir in bi su ɗaya bayan ɗaya ina fitar da yashi, sannan in shafa giris da tsinke. Ni na yanka tsohon tub sala-sala, muka naɗe tayoyin muka manne da sholisho don kada ƙaya da tsakuwa su ci su. Ni na ɗinka wata 'yar jaka ta leda da ta rufe wayoyin ciki saboda ruwa. Wayar da ta tsinke kuwa sai da muka jira ranar kasuwa mai gyaran rediyo ya like mana da dalma.

Kuma duk wannan ba a zaune nake ba. In na taso daga makaranta akwai ɗebo ruwa a rijiya, akwai surfe, akwai tallan ƙuli-ƙulin Inna da sai na sayar kafin in leƙa rumfa. Sa'o'ina suna gaɗa da 'yar carafke a dandali, ni ina yawon bola ina tsintar gwangwani. Da farko da gwangwanin man gyaɗa muka rufe mata ƙasa, sai ya yi mata nauyi, tana nishi kamar tsohon jaki ba ta gaba. Muka ɓamɓare, muka koma na madara, muka buɗe su muka daddake suka miƙe, muka jera mata a ciki da goshi da gefe. A nan na yanke a babban yatsa, tabon yana nan. Baba ya kalle ta ya yi dariya ya ce mun sa mata sulke. Ga ta da cin batir kamar gara. Mukan shanya tsofaffi a rana a kan kwanon rumfa su ɗan farfaɗo, in abin ya ƙi Baba ya cire na rediyonsa, ya haƙura da jin labaru, mutumin da ba ya cin tuwo sai rediyo na magana.

Ranar da ta tashi, ba a kan siminti muka gwada ta ba. Bayan makarantarmu akwai wani hawa mai tsakuwa inda awaki ke kwanciya, nan Baba ya ce in kai ta. Ta hau, ta yi tuntuɓe da dutse, ta kife, na tayar da ita ta ci gaba kamar ba a yi ba. Ta yi muni, ban musa ba, duk faci ce da gwangwani, amma ba ta ƙara tsayawa ba. Nakan loda mata ƙuli-ƙuli in tura shi har zauren maƙwabta. Da damina ta faɗi, tifar ta ratsa taɓo ta fito. Yaran da ba sa kula ni a filin makaranta suka koma bin bayana, maza ma suna cewa, "Don Allah direba, sau ɗaya kawai." A duk ƙuruciyata ban taɓa mallakar wani abu nawa ni kaɗai ba sai ita. Zanena na Inna ne aka rage, kwanon cin abincina da ƙannena muke tarayya.

A cikin daminar nan Inna ta haihu. Ranar suna gida ya cika da mata, Gwaggo ta zo daga Kazaure da turamen atamfa, Kabiru na biye da ita. Baba, da zuciyarsa ɗaya, ya ce in nuna wa Gwaggo abin da shararta ta zama. Na fito da ita ina ji da kaina, na zagaya da ita tsakanin tukwane da tabarmi, mata suna ɗaga ƙafa suna salati. Kabiru ya yi tsaye ya zuba mata ido. Sai kawai ya faɗi ƙasa yana birgima, ƙato da shi, yana ihu motarsa, motarsa. To ku ji yadda manya ke yi. Gwaggo ba ta ce a ba shi ba, ko kusa. Ɗaga murya ta yi yadda kowa zai ji, idonta a kan Inna: "Tashi, Kabiru, kada ka ba ni kunya. Ai mun bar musu. Su da ba su saba gani ba." Inna tana zaune a bakin ƙofa da jaririya a cinya, ni kuma 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba ta faɗa, balle ta tsaya mata a gaban dangin miji. Inna ta ce, "Haba Yaya, don wannan abin? Ke, ba shi kayansa."

Kayansa. Har yau ban manta kalmar nan ba. Na rungume akwatin na ruga zaure wurin Baba, don shi ya san wayar wa ke ciki, ya san yatsan wa ya yanke. Yana cikin maza ana raba goro. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Yi haƙuri, uwata. Yayata ce." Shi ke nan abin da ya iya. Na dawo, Inna ta miƙa jaririya ga wata, ta tashi da ɗanyen jikinta, ta ɓamɓare yatsuna daga jikin akwatin. Ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne muryoyin matan nan a bayana: "Kai, matar Isa akwai kara." "Wallahi 'yar mutunci ce." Aka yabe ta, aka yabi Gwaggo da ta yi ta cewa a'a, a'a tana naɗe motar a mayafi, aka rarrashi Kabiru da ƙafar kaza. Ni aka ce in je in wanke kwanuka. Kowa ya fita kunyar kowa, kuma da abina aka fita.

Bayan Sallah na ga ƙarshen tifar a Kazaure. Gwaggo ta sa an ɓamɓare gwangwanayen da robar, wai sun mayar da tsarabar Makka kayan ƙauye. Da aka tuɓe ta Kabiru ya fita da ita kan duwatsun nan, ta tarwatse yadda ba mai iya tara ta. Ban gaya wa Baba ba, ashe ya riga ni gani. Bai ƙara ɗauko wani abin wasa ya kawo rumfa ba, ni ma ban ƙara zama a kan buhun nan ba.

Yanzu ina aure a Gwiwa, da 'yata ta fari, Bilki, mai shekara huɗu. Motocin roba sun cika kasuwa, a saya da safe su karye kafin la'asar, ba wanda ke sunkuyawa ya duba me ya same su. Bilki tana da wata 'yar tsana ta kara da ta yi wa zane da ƙyallen da ta tsinta wurin tela. Kwanaki ɗan ƙanwar maigidana ya kama 'yar tsanar yana kuka, mata suka juyo suna kallona, na san kallon sarai. Amma na ce, "A'a, tata ce, ita ta yi abarta." Tun ranar ake cewa ba ni da kara, gaisuwa ma wasu da ƙyar suke amsawa, kuma ina kwana ina tashi da tsoron kada abin ya shafi zamana a gidan nan. Ban sani ba ko zan iya a karo na biyu. Nakan dai tuna inuwar darbejiyar nan, da warin sholisho, da Baba yana miƙo mini tsinke, sai in ji da ma a ce ranar sunan wani babba guda ɗaya ya yarda an zage shi saboda ni. Zagin manya yana wucewa, abin da aka ƙwace wa yaro ne ba ya wucewa.